Shawarwari kan ɗaukar hoton abubuwan al'ajabi na ƙasa da sama

Shawarar da ta fi maimaituwa a wata tattaunawa da masu ɗaukar hoto da masu zane suka yi ita ce mutum ya fahimci abin da yake kallo kafin ya ɗaga kyamara. An kawo misalin maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Grand Prismatic da ke Yellowstone a Amurka, wadda ƙananan halittu masu jure zafi ne suke ba gefenta launin rawaya da ruwan lemo, tsakiyarta kuwa ta zama shuɗiya domin zafin can ya fi ƙarfin yawancinsu. A ganina wannan shawara ce mafi nauyi, domin wanda ya san dalilin launin ba zai ƙara masa ƙarfi a kwamfuta har ya ɓata gaskiyar wurin ba.

An daɗe a kan batun walƙiya. Da dare, a kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a bar ta tana karɓar haske na daƙiƙa 10 zuwa 30, amma mai ɗaukar ya kasance cikin gini ko mota. Ƙarar tsawa tana tafiyar kimanin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka daƙiƙun da ke tsakanin walƙiya da tsawa suna nuna nisan walƙiyar, kuma ba a fita fili sai minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Tudun rairayi yana son hasken sassafe ko na gab da faɗuwar rana, lokacin da inuwa take fito da layukan da iska ta zana. Duwatsu kuwa, a tsayar da mutum kusa da su domin a gane girmansu.