Wanda aka yi wa laifi ne zai zo biko? Ina da tambaya a kan sulhu da Allah

Ɗan Kafur ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Maganar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai a nan da babu wanda ya san fuskata.

A 2019 yayana ya tafi ci-rani, ya bar mini shanun huɗarsa guda biyu. Wata rana tun kafin asuba na kora su kasuwa na sayar, na dawo na ce ɓarayi ne suka kwance su da dare. Lokacin satar shanu ta yi yawa a wajenmu, ba wanda ya yi kokwanto. Da Yaya ya dawo na kai shi wurin turken. Ya tsuguna ya ɗauki guntun igiyar da ni na yanke da wuƙata, ya juya ta a hannu, ya ce, "Tun da ba su taɓa ka ba, mun gode Allah." Wannan kalma ita ke hana ni barci. Kuɗin na sayi babur da su, ina haya a Zariya. Shi kuma damina biyu yana aron shanu kafin ya yi huɗa.

Tun daga nan ban sake cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke rabawa a coci don tunawa da mutuwar Almasihu. In an fara raba gurasa sai in sulale waje kamar an kira ni a waya. Lahadin da ta wuce fasto ya yi wa'azi daga 2 Korintiyawa 5:18-19, cewa Allah ne ya sulhunta duniya da kansa ta wurin Almasihu, ba ya lissafa musu laifofinsu. Abin ya ɗaure mini kai. A garinmu mai laifi ne ke neman dattawa su raka shi, ya durƙusa, ya ba da haƙuri, ya biya. Yaya za a ce wanda aka saɓa wa ne ya nemi sulhu? To ni mene ne nawa a ciki? Wa zan aika wa Allah, da me kuma?

Maman Zumunta ta amsa:

Ɗana, na karanta har na share hawaye. Mu mata mun san biko. Miji ya ɓata wa matarsa rai ta yi yaji, shi zai bi ta gidansu da goro da 'yar atamfa, ya sha faɗan surukai. Mai laifi ke zuwa, haka muka tashi muka tarar. Amma buɗe Yusha'u sura 3. Matar annabin ce ta ci amanarsa ta bi wasu maza, shi ba abin da ya yi mata. Duk da haka shi Allah ya ce wa ya tashi ya dawo da ita, har ya biya shekel 15 na azurfa da sha'ir a kan matar da tasa ce tun farko. Allah ya ce haka yake ƙaunar Isra'ila. Ranar da muka yi nazarin wurin nan a zumuntar mata, wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce wannan miji ba a garinmu yake ba. Gaskiya ta faɗa. Ka daina neman wanda za ka aika, an riga an zo maka biko.

Baba Mai Bishara ya amsa:

Yaro, tambayarka mai kyau ce. Na yi shekaru ina wa'azi a ƙauyukan Maguzawa, kuma kusan kowane dattijo da na zauna da shi a gindin tsamiya sai ya yi mini irinta, don ya saba in ya saɓa wa iskoki shi ke kawo ɗan akuya ko zakara.

Koma Farawa sura 3. Adamu ya ci 'ya'yan itacen da aka hana shi, ya ɓuya cikin itatuwan gonar. Wa ya fara magana? Allah ne ya zo yana kira, yana tambayar inda yake. Kai ma da kake sulalewa waje lokacin Jibi, cikin itatuwan nan kake.

Amma kada ka ɗauka Allah ya ce "ba komai" ya kau da kai. Zunubi yana raba mutum da Allah, Ishaya 59:2 ya faɗa ƙarara. A Littafin Firistoci sura 16, sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, babban firist zai kawo bunsuru biyu. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa bayan labule, cikin wuri mafi tsarki. Ɗayan kuwa ya ɗora masa hannuwa biyu a ka, ya hurta zunuban jama'a, a kora shi jeji. Shekara ta kewayo a sake, don jinin dabba bai taɓa biyan bashin ɗan Adam ba. Abin da ya faru a kan gicciye shi ne mai bin bashin ya biya daga jikinsa. Shi ya sa labulen Haikali ya tsage daga sama zuwa ƙasa sa'ad da Yesu ya mutu. Daga sama, ka lura. Romawa 5:10 kuma ta ce tun muna maƙiya aka sulhunta mu ta wurin mutuwar Ɗansa. Ba a jira mun gyaru ba tukuna.

Naka a ciki yana aya ta 20 ta surar da fastonku ya karanta. Manzo Bulus yana roƙo a madadin Almasihu, ku sulhuntu da Allah. Wato ka fito daga maɓoya, ka kira abin da ka yi da sunansa, sata da ƙarya, ka karɓi hannun da aka miƙo.

Yakubu na Sabon Gari ya amsa:

Baba, ku gafarce ni, amma ina tsoron kada yaron nan ya karanta amsarku ya yi addu'a a ɗaki, ya share ido, gobe ya hau babur ɗin ya ci gaba da haya. Yayansa fa? Ni an taɓa cinye mini kuɗin adashe a wata ƙungiya, wanda ya ci kuma yana gaba-gaba wajen raira waƙar gafara. Na san zafin. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ka shirya da shi tukuna. Fitowa 22:1 ma a kan shanu take magana kai tsaye: wanda ya saci sa ya sayar, biyar zai biya. Ɗan'uwa, ka je gida.

Baba Mai Bishara ya sake amsa:

Yakubu, ba mu saɓa ba. Gida zai je, dole. Abin da nake tsare wa shi ne kada ya ɗauka shanun ne za su saya masa gafarar Allah. Dubi Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19. Yesu ne ya fara tsayawa gindin itacen da Zakka ya hau ya ce yau a gidanka zan sauka, tun mutumin bai mayar da ko anini ba. Bayan ya shiga gidan ne Zakka ya miƙe ya ce zai mayar ninki huɗu. Wanda ya san an karɓe shi ne ke samun ƙarfin halin zuwa ya tona kansa. Shekara nawa yaron nan yana ɗauke da tsoro, tsoron ya kai shi Kafur? Bai kai shi ba.

Yaro, kada ka je kai kaɗai. Ka fara faɗa wa fastonka, ka nemi dattijo ɗaya da yayanka ke jin nauyinsa. In ikkilisiya ta sa ka ƙarƙashin horo, ka karɓa. Kada kuma ka tilasta wa yayanka ya yafe a ranar, an cuce shi, yana da ikon yin fushi.

Ɗan Kafur ya dawo:

Baba, Mama, Yaya Yakubu, na gode. Na je ranar Asabar tare da kawunmu. Na tarar da Yaya yana gyaran rumbu. Da na gama magana bai ce komai ba, ya shiga ɗaki, ya daɗe. Matarsa ce ta yi ta kuka tana tuna mini shekarar da suka ci bashin taki. Da ya fito sai ya ce in ajiye makullin babur a kan turmi, na ajiye. Bai ce ya yafe ba. Amma da yamma aka kawo tuwo, ya tura mini kwanon miya gabana ba tare da ya dube ni ba. Kuɗin babur ba zai sayi ko sa ɗaya ba a farashin yanzu, kawu ya ce sauran in biya da kaka-kaka. Fasto ya ce in zauna wata uku kafin in koma Jibi. Ku ci gaba da sa yayana cikin addu'a, har yanzu ba ya ɗaga wayata.