Neman shawara kan tsohon ogan na cocinmu

Salama gare ku 'yan'uwa. Ina Sakkwato, kuma ni aka ɗora wa nauyin kwashe tsohon ogan mai bututu (abin kiɗan coci mai amfani da iska) daga tsohon ginin cocinmu zuwa sabo. Ƙarami ne, amma tun ina yaro nake jin muryarsa ranar Lahadi, shi ya sa abin ke damuna.

Mun zare bututun ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta wa kowane lamba, muka naɗe su da tsumma, don na ƙarfen haɗin dalma da kuza ne, ko da yatsa ka matsa sai ya lotsa. Da muka harhaɗa, sai zugazugin ya ƙi riƙe iska. Fatar da ke kusurwoyinsa ta bushe ƙamas, in ka taɓa tana marmashewa a hannu. Hunturu kuma ya tsaga katakon akwatin iskar. Yanzu akwai bututu biyu da ke kuka su kaɗai ba wanda ya danna maɓalli.

Na san da fatar tumaki mai laushi aka fi yin wannan aikin. Wani baduku ya kawo mini ta jar akuyarmu ta Sakkwato, jima mai kyau, sai dai ta ɗan fi kauri. Za ta yi? Kuma wane irin manne zai jure zafin watan Afrilu, lokacin da ake wuce digiri 40? Tsagar katakon fa, a cike ta ko a sake sabon allo?

Don Allah duk wanda ya taɓa gyara irinsa, ko a Jos ko a Legas, ya taimaka mana. Dattawan ikilisiya na son a busa shi kafin Ista.