Yaro na son bin sawun Al-Farouq Aminu, ta ina ake farawa daga Legas?

Kawun Sadiƙ, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗan ƙanwata ne a hannuna, shekararsa 15, yana SS1. Tsayi ya yi masa yawa, takalminsa ma sai an bi 'yan gwanjon Yaba ake samun lambarsa. Duk Asabar yana Rowe Park wurin ƙwallon kwando, kocinsu ya ce fowad zai buga, wato ɗan wasan gaba. Yanzu ba shi da zance sai na Al-Farouq Aminu, wai shi ma jami'a zai je a Amurka ya yi wasa. Ni dillalin tumatir ne a Mile 12, ƙwallon ƙafa kaɗai na sani. Me wannan Aminun ya yi a jami'a har ya kai inda ya kai? Kuma hanyar tana biyuwa ga yaron da ke Agege?

Koci Ɗanladi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko, Aminu ba daga nan ya tashi ba. A Atlanta aka haife shi a 1990, mahaifinsa ne ɗan Najeriya. Tun yana sakandaren Norcross a jihar Jojiya manyan jami'o'i ke rububinsa, sai ya zaɓi Wake Forest a 2008, makarantar da ta fito da Tim Duncan da Chris Paul.

Shekara 2 kacal ya yi. A ta farko suna tare da Jeff Teague da James Johnson, har a Janairun 2009 aka sa su na ɗaya a duk ƙasar. Da Maris ya zo, a gasar jami'o'in ƙasar da ake sallamar wanda ya faɗi sau ɗaya, jami'ar Cleveland State da ba wanda ya sa ta a lissafi ta kora su gida a wasan farko. Teague da Johnson suka wuce NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, nauyi ya dawo kan Aminu. A shekara ta biyu yana cin kusan maki 16 a kowane wasa, yana kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sama da sau 10, babu wanda ya kai shi a ACC, rukunin jami'o'in da makarantarsa ke ciki. A gasar Maris ta wannan shekarar suka doke Texas a ƙarin lokaci, Kentucky ta fitar da su. A 2010 ƙungiyar Clippers ta ɗauke shi na 8 a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA.

Alhaji, abin da nake so yaron ya ji shi ne wannan sau 10 ɗin. Aminu bai shahara da jifa daga nesa ba a lokacin. Dogon hannu ne, da tsare abokin gaba, da kokawa a ƙarƙashin kwando, aikin da yaranmu ke gudu saboda ba ya shiga bidiyon waya. Wannan aikin ne ya riƙe shi sama da shekara 10 a NBA, 4 daga ciki a Portland, da Aminun kuma Najeriya ta ci kofin Afirka na ƙwallon kwando a Tunisiya a 2015.

Malama Rabi, Obalende:
Koci ya yi bayanin wasa, ni bari in yi na takarda. Alhaji, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ba ta barin yaro ya taka fili sai ta tantance karatunsa. A rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i, darussa 16 take nema, Turanci da lissafi da kimiyya na ciki, kuma sakamako tun daga JS3 ake dubawa, haɗe da WAEC. Yanzu da yake SS1 ne lokacin sa masa ido. Sannan duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi da biza, a nemi sunan makarantar, a rubuta mata kai tsaye kafin a fitar da ko kwabo.

Ɗan Alaba Rago:
Ku kuna ta Atlanta, ga namu na gida. Hakeem Olajuwon a nan Legas aka haife shi, golan ƙwallon ƙafa ne kafin ya taɓa ta kwando, ya je jami'ar Houston, aka ɗauke shi na 1 a NBA a 1984. Kawu a bar yaro ya gwada sa'arsa mana.

Koci Ɗanladi, Idi-Araba:
Ɗan Alaba, Hakeem santa ne, mai tsayawa a ƙarƙashin kwando, kuma irinsa nawa Legas ta sake fitarwa? In misalin fowad kake so, ga Precious Achiuwa na Fatakwal. Shi ma sai da ya yi sakandare a Amurka, sannan shekara 1 a jami'ar Memphis, aka zaɓe shi gwarzon rukuninsu, ƙungiyar Miami ta NBA ta ɗauke shi na 20 a 2020. Jami'o'in rukuni na ɗaya sun haura 350, NBA kuwa kusan mutum 60 take ɗauka a shekara. Yawanci digiri suke fita da shi, wasu su tafi Turai wasa.

Alhaji, ka sa a ɗauki cikakken wasansa a bidiyo, daga farko har ƙarshe, ba inda ya ci kawai ba. Ka turo min in ga yadda yake komawa baya in ƙwallo ta kuɓuce musu.

Kawun Sadiƙ, Agege:
Allah ya saka da alheri. Koci, Asabar mai zuwa zan bar wa yaron aikina rumfa in raka ɗan ƙanwar tawa Yaba da kaina. Malama, lissafin ne matsalarsa, 41 ya ci a zangon da ya wuce. Akwai mai lesin da kika yarda da shi ta wajen Agege ko Ogba?