Côté ville da côté piste: me za mu ce da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. An ba ni takarda kan tsara ginin filin jirgi in juya ta Hausa don shirin rediyo nan Maraɗi, kalmomin Faransanci biyu sun tsaya mini a maƙoshi: côté ville da côté piste. Na farko shi ne inda kowa ke iya zuwa: wurin ajiye motoci, ɗakin jira, inda ƴan rakiya ke ban kwana da alhazai. Na biyu sai wanda aka bincika, ko ma'aikaci mai katin shiga. Tun a zane ake raba su, kafin a aza tubali ɗaya.

Na fara rubuta "ɓangaren gari" da "ɓangaren titin jirgi", na karanta wa kaina da ƙarfi, sai na ji kamar ana nufin kasuwa da kwalta. Wani ya ce "waje da ciki". Bai zauna ba, don ɗakin auna kaya cikin gini yake, amma côté ville ne.

Sai wani dattijon magini ya turo murya. Ya ce: "Yaro, wannan ai zaure ne da cikin gida. Mu ma haka muke yi. Zaure na kowa ne, mai talla, almajiri, baƙo. Kuma ba mu taɓa sa ƙofar waje ta kalli ƙofar ciki ba, sai mun kauce da ita, don wanda ke tsaye a titi kar idonsa ya kai tsakar gida." Na ce Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama da rabin aikin.

Zaure ya shige ni saboda yana faɗin inda haɗarin yake. Bama-baman da suka tashi a filin jirgin Burusel ranar 22 ga Maris 2016 a zauren suka tashi, tun kafin wurin bincike, inda ba a tambayar kowa tikiti. A Gilasgo ta ƙasar Birtaniya, 30 ga Yuni 2007, mota aka tuƙo aka afka wa ƙofar ginin filin jirgin. Shi ya sa masu zane yanzu suke nesanta motoci da bango, su kafa turakun ƙarfe a bakin ƙofa, su guji lungun da layi zai cunkushe. Ita ma OACI, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ta fitar da ƙa'idojinta na tsaron jiragen sama tun 1974, ta ƙarfafa batun tsaron wannan ɓangaren bayan harin 2016. In na ce "tsaron zaure", manomi a Gidan Rumji zai gane ba sai na yi dogon bayani ba.

Da "cikin gida" aka samu matsala. Wata malamar makaranta ta rubuto: "Malam, ka manta? A labarai jirgin cikin gida shi ne wanda ke tashi daga Yamai zuwa Damagaram ko Agadas. In ka ce fasinja ya shiga cikin gida, wa zai san me kake nufi?" Gaskiyarki, Malama, na janye.

Wani ya kawo "bayan shinge". Dariya ta kusa kashe mu, kowa ya san abin da ake zuwa yi bayan shinge. Amma shingen kansa daidai ne, don da gaske waya ce ke kewaye da titin jirgi, har dabbobi take tarewa. Aka juya shi ya koma "cikin shinge".

To, na rubuta: zauren filin jirgi, da cikin shinge. Saura wurin binciken da ke tsakani. Baba magini ya ce shigifa, wato ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ni ma ita nake so, amma na tambayi ɗalibai uku a gidanmu, ɗaya ce kawai ta san ta, ita ma a bakin kakarta ta ji. Ina shiga shirin ranar Alhamis da dare, mai wata kalma ya turo kafin nan.