Farauta ce ko sarauta? Abin da kowa ya gani a finafinan manyan dodanni

Mai buɗe zance, daga unguwar Zariya

Assalamu alaikum. A daren Asabar da ta wuce mun kalli fim ɗin Godzilla na shekarar 2014 a fadarmu, kuma har aka sha shayi na uku gardama ba ta lafa ba. Masanan da ke cikin fim ɗin sun bayyana shi a matsayin mafaraucin da ba wanda ke samansa, amma bayan da ya kashe dodannin nan biyu da ake kira MUTO a birnin San Francisco, sai ya koma teku ba tare da ya ci ko tsoka ɗaya ba. Ni ban taɓa jin mafaraucin da zai ratsa teku yana bin sawun nama, ya kayar da shi, sannan ya tafi da yunwarsa ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan gardama ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin kimiyyar halittu a wata lise (makarantar sakandare)

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗalibaina sun kawo mini wannan tambaya a ranar da nake koyar da su yadda halittu ke cin junansu. Na tuna musu cewa daga tsiro zuwa mai cin ciyawa, daga nan zuwa mai cin nama, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abinci ne kawai ke hayewa kowane mataki, saboda haka dabba mai tsayin mita 108, kamar yadda aka ƙiyasta Godzilla na 2014, ba ta da kiwon da zai riƙe ta a doron ƙasa. Masu fim ɗin sun kauce wa wannan matsala da cewa tururin nukiliya ne abincinsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne farkon fim ɗin, inda aka tono ƙwarangwal na wani ƙaton dodo dangin Godzilla a ƙasar Filifin tare da ƙwayayen MUTO a jikinsa. Sai na fitar da yaran zuwa bayan aji, na fasa musu gidan zanzaro na laka da ke jikin bango, suka ga tsutsar da ya sumar ya ajiye domin ɗansa ya ci idan ya ƙyanƙyashe. A ganina MUTO zanzaro ne, dangin Godzilla kuwa su ne tsutsar, don haka wanda ake kira mafarauci shi ne asalin abin ci, kuma kisan da ya yi kare kai ne.

Ɗaliba, daga Ali Ɗan Sofo

Malam, na yarda da bayaninka game da Godzilla, amma bai shafi Kong, ƙaton birin nan, ba. Na kalli fim ɗin tsibirinsa na 2017 a waya tare da kakata, ina fassara mata. A nan an nuna shi ƙiri-ƙiri yana cin wata ƙatuwar dabbar ruwa mai hannuwa da yawa, ga kuma ƙadangarun nan masu ƙafa biyu da suka hallaka iyayensa, waɗanda ba su da aiki sai haɗiye duk abin da ya motsa. Kakata ta ce su ne dodanni na gaskiya, irin Dodon tatsuniya da ke haɗiye mutum da dabba, shi kuwa birin maraya ne da ya girma a kan kabarin iyayensa. Daga nan ta ƙi yarda a kira shi dodo har fim ya ƙare.

Dillalin shanu, ɗan asalin Dakoro

Ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na tashi a cikin garke, kuma abin da na gani a gidan kallo ba baƙo ba ne a wurina. Idan bijimai biyu suka haɗu a bakin rijiya, sukan kafa ƙaho har ƙura ta rufe su, wani lokaci ɗaya ya karye, amma ba wanda ke neman naman ɗan'uwansa. Garken suke wa faɗa. A fim ɗin 2019, bayan da Godzilla ya gama da dodon nan mai kai uku, sauran dodannin sun zo sun sunkuya a gabansa, to ku faɗa mini ranar da barewa ta taɓa zuwa gaisuwa wurin wanda zai ci ta. A na 2021 ma ya kayar da Kong a Hong Kong, ya taka masa ƙirji, ya yi ruri a fuskarsa, ya juya ya tafi. Da muka ga wannan wuri sai wani dattijo da ke bayana ya ce ai wannan kokawa ce, saura kawai a miƙa masa takobi irin wanda ake ba zakaran kokawa a Nijar. Na fi gamsuwa da maganarsa a kan duk bayanin masanan fim ɗin, domin sarauta ake nema a nan, ba farauta ba.

Tsohon mai gidan bidiyo a Sabon Gari

Ƴaƴana, na shekara da shekaru ina sa wa mutane irin waɗannan finafinai tun zamanin kaset, kuma na lura cewa a gardamarku kun manta da mutane. Fim ɗin Godzilla na farko ya fito a Japan a 1954, ƴan watanni bayan gwajin bam ɗin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ranar 1 ga Maris na wannan shekarar, wanda tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta ƴan Japan mai mutum 23. Dodon wancan fim ba ya bin mutane don ya ci su, tattake Tokyo yake yi kamar yadda saniya ke taka gidan tururuwa ba tare da ta san da shi ba. Wata rana kuma, ana kallon wurin da MUTO ke haɗiye makamin nukiliya, wani direban babbar mota ya miƙe ya ce jama'a su kwantar da hankalinsu, idan waɗannan abubuwa suka shigo Nijar ba ruwansu da Maradi, Arlit za su nufa inda uraniyom yake. Sai da na tsayar da fim ɗin aka gama dariya.

Mai buɗe zance

Baba, na gode, kuma zan kai maganar direban nan fada yau da dare. Sai dai Malam, ina da sauran tambaya a kan zanzaronka: idan dangin Godzilla ne abincin MUTO, me ya sa a fim ɗin suka yi ta neman tashar nukiliya da makaman soja, shi kuma yana biye da su a baya?