Takardar shaidar gina gida mai sanyi: waɗanda sunka bi hanyar su yi muna bayani

Magini daga Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wani Alhaji ya ce in gina mai gidan da ba ya cin wutar lantarki da yawa, amma sai ya ga takarda. Ni ko aikin hannu na gada, tiredi tes kawai gare ni. Ina zan dosa?

Ma'aikacin gini daga Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malam. Raba abin biyu. Rajistar magini ta CORBON ce, wato hukumar rajistar magina ta Najeriya, kuma tana son wanda ya karanci gini a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha. Mai aikin hannu irinka shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa, wato NSQ, ta hukumar ilimin fasaha NBTE za ya nema, inda ake zuwa a duba aikinka a fili. Ni bayan rajista na ƙara da jarrabawar EDGE ta intanet, wato tsarin ba da shaidar gini mai tattalin wuta da ruwa na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya. Sharaɗinsu gida ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wuta, da ruwa, da iskar carbon da anka fitar wajen yin kayan ginin, in anka gwada shi da irin gidan da anka saba ginawa. Ka lura, gidan ake ba shaidarshi daban, kai ma taka daban.

Mai zanen gidaje daga Runjin Sambo:
Baba, kafin komai nemi ƙa'idar tattalin makamashi a gini, wato BEEC, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017. Ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi masu inuwa, kuma a sa abin tare zafi ƙarƙashin kwano. Mu nan Sakkwato da Afrilu ke haura digiri 40, rufi shi ne rabin aikin. Wani gida da munka yi, na juya doguwar fuskar ta kalli arewa da kudu, bangon yamma na bar shi da ƙaramar taga guda da baranda, munka sa farin kwano. Da la'asar in ka dafa silin ɗumi kawai za ka ji. Maigidan da fari faɗa ya yi, wai na hana shi manyan gilasai irin na Abuja.

Tsohon magini daga Gidan Igwai:
Yara, soron laka da azara da kakanninmu ke yi ai wannan ne, bango mai kauri, taga ƙarama can sama. Sai dai yau ba mai biyanka kuɗin laka, kowa bulo yake so.

Magini daga Mabera:
Gaskiya ne, Baba. To Injiniya na Arkilla, in na kawo hotunan gidajen da na gina, masu duba NSQ za su karɓa, ko dole sai sabon aiki?