Hayaki na dawowa cikin kicin, bututun murhuna ya daina ja

Uwargida, Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Murhun ƙasa gare ni mai baki biyu, da bututun kwano da ya fita waje. Da rani lafiya lau hayaki ke tafiyarsa, amma tunda damina ta kankama ina hura wuta sai ya dawo ta bakin murhu ya turnuƙe kicin, idona na ruwa yara na tari, ga wani baƙin ruwa mai wari yana gangarowa a jikin bututun. Gas kuma ya fi ƙarfina wallahi. Me ke kawo haka?

Mai walda, Panteka:
Wa alaikumussalam Hajiya. Wannan baƙin ruwan aikin ɗanyen itace ne ko jiƙaƙƙe. Danshin yana bin hayaki, in ya tarar da bututu da sanyi sai ya manne a ciki kamar kwalta, yau kaɗan gobe kaɗan har hanya ta tsuke. Ki bari murhun ya huce a kwance bututun, a ɗaura buroshin waya a gora a zura a kankare shi tas, kuma kar a ce sai gobe don abin nan yana kamawa da wuta, ga silin kusa. Sannan a duba tsayinsa, ya ɗara ƙololuwar rufi da kamar ƙafa 2, in ya gaza haka iska ce za ta riƙa danno miki hayakin. Gwiwa ma, wato lanƙwasar bututu, in ta yi yawa ba ya ja.

Ɗan Kawo:
A leƙa ta sama tukunna, namu sheƙar tsuntsu muka ciro. A sa masa hula da raga.

Inna, Tudun Wada:
'Yata ki ji maganar mai walda, amma ko an wanke in ba ki gyara itace ba abin zai dawo. Masu itace a watan Agusta jiƙaƙƙe suke saida wa mutane, in kika ji yana tsuwwa kumfa na fita ta gindinsa to bai bushe ba. Ki sa a faskara miki ƙanana, ki jera a rumfa kan bulo kar ya taɓa ƙasa, na gobe kuma ki jingina shi gefen murhu tun yau. Marke da ƙirya in kin samu busassu sun fi. Da safe ki fara ƙona takarda a gindin bututun ya ɗau zafi, ki kwashe toka iska ta samu shiga. Kuma dan girman Allah kar ki rufe ƙofa da taga kan garwashi don ana ruwa, iskarsa ba wari amma tana kisa.

Uwargida, Rigasa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Namu kam ko kan rufin bai kai ba, a ƙarƙashin baranda ya tsaya. Malam mai walda, ana iya ƙara masa tsayi ko sai an yi sabo?

Mai walda, Panteka:
Ana ƙarawa in bai ci tsatsa ba. Maigida ya auno faɗin bakinsa ya zo da awon.